Ranar da Mai Waƙa Ya Bar 'Yan Amshi: Depeche Mode da Faifansu na Farko

Watanni kaɗan da suka wuce ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida bayan sallar isha'i, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zauna a gefen tabarma ya daɗe bai ce uffan ba. Yaron yana da ɗan situdiyo a wani shago a Sabuwar Unguwa, inda shi da abokansa biyu suke yi wa amare da angwaye waƙar biki, idan kakar zaɓe ta kama kuma su yi wa masu neman kansila. Shi ne mai fiyano da kwamfuta, na biyun shi ke rerawa, na ukun kuwa shi ke tsara baitoci ya ɗora musu kari. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce, "Kawu, mai rubuta mana waƙa ya koma Kano. Ya samu wuri a wani situdiyo a Zoo Road, mu kuwa ko baiti ɗaya ba mu taɓa haɗawa da kanmu ba." Shawarar da ya zo da ita ita ce ya sayar da fiyanon, ya cika kuɗi ya sayi babur.

Ban ce masa ya sayar ba, ban kuma hana shi ba. Na shiga ɗaki na lalubo wani tsohon kaset da ke cikin akwatina tun ina makarantar sakandare, na ce masa gobe da la'asar zan biyo shagon, akwai abin da zan jiyar da shi. Kaset ɗin na kawuna ne, Allah ya jiƙansa, wanda gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna ta tura karatu Ingila a farkon shekarun 1980, tun Katsina ba ta zama jiha ba. Ya dawo da jaka guda ta kasakasai, mafi yawansu na rege, amma a cikinsu akwai ɗaya da wani abokin karatunsa ya naɗar masa daga faifan garmaho, aka rubuta a bayansa da jan biro: Depeche Mode, Speak & Spell. Kawu bai ɗauke shi a bakin komai ba, cewa yake yi kiɗan ya yi kama da ƙarar agogon hannu. Ni kuwa da na saka shi a rediyon gidanmu na Ƙofar Marusa, ina ɗan shekara goma sha huɗu, sai na ji sautin da kunnena bai taɓa cin karo da irinsa ba. Ba ganga ba ce, ba garaya ba ce, ba kuma jita ba ce; wani abu ne tsaftatacce mai sanyi, kamar ruwan indararo yana ɗiga a cikin tasa bayan an ɗauke ruwan sama.

Samari huɗu ne suka yi faifan, dukkansu daga Basildon, wani gari a yankin Essex da ke gabas da Landan. Basildon ba tsohon birni ba ne mai ganuwa da ƙofofi irin namu. Gwamnatin Birtaniya ce ta tsara shi a takarda a 1949, domin ta samar wa mutanen unguwannin talakawan Landan matsuguni bayan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rushe gidaje da yawa, saboda haka gari ne na ma'aikatan masana'antu da ƙananan ma'aikatan ofis, wanda ba a sa ran wani abin a-zo-a-gani zai fito daga cikinsa. Vince Clarke da Andy Fletcher sun san juna tun suna yara a wata ƙungiyar matasa ta coci, Martin Gore kuma makarantarsu ɗaya da Fletcher. A 1980 su ukun suka haɗa ƙungiya mai suna Composition of Sound, Clarke yana rerawa don ba su da wani mai rerawar. A cikin wannan shekarar ya ji wani yaro mai suna Dave Gahan yana rera wata waƙar David Bowie a wurin gwajin kiɗa, ya gane cewa ga muryar da suke nema. Gahan ne ya kawo musu sabon suna, wanda ya ɗauko daga wata mujallar kayan ado ta Faransa, ma'anarsa kuma ta yi kusa da labarin yayi da ɗumi-ɗuminsa. A lokacin Gore ƙaramin ma'aikacin banki ne a Landan, Fletcher kuma akawu ne a kamfanin inshora, kullum da safe jirgin ƙasa suke hawa zuwa aiki.

Abin da ya raba su da sauran samarin garinsu shi ne sun ajiye jita sun rungumi sintesaiza, wato kakan wannan fiyanon da yaranmu ke bugawa a yau, ko da yake akwai bambanci mai yawa tsakaninsu. Fiyanon ɗan ƙanwata yana ɗauke da ɗaruruwan sautuka a cikinsa, ka danna lamba ya ba ka sarewa, ka danna wata ya ba ka ganga. Sintesaiza ta wancan zamani ba ta ɗauke da komai. Wutar lantarki ce take kaɗawa a cikinta ta fitar da wani ɗanyen amo, mai kiɗa kuma ya yi ta murɗa maɓallai yana tace amon, yana rage masa kaifi ko ya ƙara, yana daidaita yadda zai taso da yadda zai mutu, har sai ya sami abin da ya yi masa daɗi. Ƙananan da samarin Basildon suka iya saya, irin Yamaha CS-5 ta Gore da Moog Prodigy ta Fletcher, ba sa ma iya riƙe sautin da aka haɗa, idan ka murɗa maɓalli ya tafi ke nan sai ka sake haɗa shi. Babban taƙaicinsu kuma shi ne murya ɗaya tak suke fitarwa a lokaci guda: ka danna maɓalli uku tare, ɗaya ne zai yi magana. Wannan ya tilasta musu raba aiki yadda makaɗan gargajiya suke yi, wannan ya riƙe ƙasa da kauri, wancan ya ɗauki karin waƙar, na ukun ya riƙa cike gurbi kamar mai kanzagi a gefen babbar ganga. Gangar kanta na'ura ce ke bugawa, daga baya ma naɗe ta suka yi a tef suna kunnawa a bayansu a kan dandamali.

Kafin ƙarshen shekarun 1970 irin waɗannan na'urori na masu hannu da shuni ne kawai. Kamfanonin Japan irin su Yamaha da Korg da Roland ne suka karya farashinsu har ɗan ƙaramin ma'aikacin banki ya iya tara albashi ya saya, kuma na'urar da za ka saɓa a hamata ka shiga jirgin ƙasa da ita ta fi sauƙi ga yaron da ba shi da mota.

A ƙarshen 1980 suna wasa a wani ƙaramin wuri mai suna Bridge House a unguwar Canning Town ta gabashin Landan, suna share fage ga wani mawaƙi da ake kira Fad Gadget, sai Daniel Miller ya ji su. Miller shi ne mai kamfanin Mute, kamfanin da ya fara a 1978 da faifai guda da ya naɗa shi kaɗai a ɗakinsa. Manyan kamfanoni sun zo suna yi wa yaran tayin kuɗi masu kauri, amma suka zaɓi Miller, wanda ba shi da abin da zai ba su a hannu sai alkawarin cewa za a raba riba biyu daidai, rabi nasu rabi nasa. Musabaha kawai suka yi, ba a rubuta takarda ba, kuma a kan wannan musabahar suka yi shekaru suna aiki tare. Duk wanda ya san yadda mawaƙanmu na zamanin kaset suke sayar da waƙa sau ɗaya ga ɗan kasuwa, ya buga dubbai ya ci riba su kuma su tashi da kuɗin cefanen mako guda, zai fahimci girman wannan zaɓi. A ganina rabin dalilin daɗewarsu yana nan, domin babu wani babban ofis da ke da ikon cewa su sake waƙa irin wadda ta yi kasuwa bara.

Shekarar 1981 ta zo musu da gudu. Waƙarsu ta farko, Dreaming of Me, ta fito a watan Fabrairu ta tsaya a mataki na 57 a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. New Life ta biyo baya a watan Yuni ta kai na 11, aka gayyace su shirin Top of the Pops na gidan talabijin na BBC, wanda a lokacin duk mawaƙin da ya bayyana a cikinsa ƙasar gaba ɗaya ta san da zamansa. A jirgin ƙasa suka tafi, kowa rungume da na'urarsa, kuma Gore da Fletcher ba su ajiye aikin ofis ba tukuna. A watan Satumba Just Can't Get Enough ta kai mataki na 8. Kafin shekarar ta ƙare cikakken faifan ya fito ya kai na 10 a jadawalin kundayen waƙoƙi, babbansu Clarke yana da shekara 21, ƙaraminsu Gahan yana da 19.

An naɗi faifan a situdiyon Blackwing, wanda ke cikin wani tsohon ginin coci da aka daina ibada a cikinsa a kudancin Landan, Miller yana jagorancin aikin da babbar na'urarsa ARP 2600, wadda da ita aka haɗa amon gangar da ke dukan ƙirji a cikin waƙoƙin. Sunan faifan na wani abin wasan yara ne mai magana da kamfanin Texas Instruments ya fitar a 1978 don koya wa yara haɗa baƙi. Hoton bangon, wanda ban gani ba sai da intanet ta zo, farin tsuntsun ruwa ne mai dogon wuya, dangin agwagwa, an lulluɓe shi da leda, kuma har yau idan na dube shi dariya yake ba ni. Waƙoƙi goma sha ɗaya ne a bugun Birtaniya. Tara daga cikinsu Clarke ne ya rubuta, Gore ya kawo biyu, ɗaya daga cikin biyun ma kiɗa ne zalla babu baiti.

Ba zan yi wa faifan ƙarya ba don ina ƙaunarsa. Da na iya Turanci sosai na koma na saurari baitocin, sai na tarar yawancinsu ba su da wata ma'ana mai zurfi, kalmomi ne aka jera don amonsu ya dace da kiɗan, abin da mai sauraron Hausa, wanda ya saba auna mawaƙi da azancin maganarsa da kirarinsa da habaicinsa, zai kira shirme kai tsaye. Akwai waƙoƙi biyu ko uku da suka tsufa ƙwarai. Amma akwai Photographic, wadda duhunta da saurinta suka nuna inda ƙungiyar za ta dosa daga baya, akwai kuma baiwar Clarke ta haɗa ɗan gajeren kari wanda idan ya shiga kunne sai ya kwana uku bai fita ba. Kuma saboda kowace na'ura murya ɗaya gare ta, babu cunkoso a cikin kiɗan, kowane layi yana tsaye da ƙafarsa, kana iya bin sa daga farko har ƙarshe.

Washegari da na je shagon, kaset ɗin ya ƙi yi, zaren ya manne saboda daɗewa da zafin Katsina, sai muka nemo faifan a wayarsa muka jona ta da lasifika. An ɗauke wuta, ƙaramin janareta yana ta kuka a bakin ƙofa, ɗakin da aka manna wa katifu a bango don tare ƙara ya ɗauki zafi kamar tanderu. Ya saurari Just Can't Get Enough sau ɗaya, ya juya ga fiyanonsa ya fitar da karin nan take, sannan ya dube ni yana murmushi ya ce, "Kawu, wannan ai da yatsa ɗaya aka buga shi." Na ce masa haka ne, amma ya sake saurara ya ƙirga min yatsu nawa ne suke tafiya a lokaci guda. Ya mayar da waƙar baya, ya sunkuyar da kai, yana ɗaga yatsa duk sa'ad da wani sabon layi ya shigo. Da ta ƙare bai yi dariya ba, ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda kowane layi yake barin wa ɗan'uwansa wuri, su kuwa idan suna haɗa kiɗan biki sai sun zuba duk abin da ke cikin fiyanon don kada amarya ta ce ba a cika mata kuɗinta ba.

Rainin da ya fara yi wa kiɗan ba sabo ba ne, shi ma kullum ana yi masa irinsa. A Ingila ta wancan lokaci masu jita suna cewa waɗannan ba makaɗa ba ne, masu danna maɓalli ne, har a 1982 reshen Landan na ƙungiyar makaɗan Birtaniya ya zartar da ƙudurin neman a taka wa sintesaiza birki, don tana raba 'ya'yanta da abincinsu. Mu ma mun ga haka da idonmu. Na girma a lokacin da biki ba ya cika sai da kalangu, lokacin da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka rufe shi a Daura, yake tafe da ayarin makaɗa da 'yan amshi. Da fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990, waƙoƙin finafinai suka mamaye gari, yaro ɗaya da akwati ɗaya ya maye gurbin mutum goma. Kukan masu kalangu gaskiya ne, domin da yawansu sun rasa abin yi, kuma babu fiyanon da ya iya yin magana yadda fatar kalangu take yi idan gwani ya matse tsarkiya. Sai dai cewa na'ura ba ta yin kiɗan kirki magana ce da maƙwabtanmu suka riga suka ƙaryata. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗansa na ogan lantarki tun 1978, shekara uku kafin faifan samarin Basildon, gidajen rediyo da talabijin na ƙasar suka yi ta amfani da shi a tsakanin shirye-shirye, kuma duk wanda ya saurare shi zai ji Sahel a ciki.

Ba wannan ne ya kai ni shagon ba, abin da ya biyo bayan faifan ne. Faifan bai gama zagaya shaguna ba Vince Clarke ya sanar da cewa ya bar ƙungiyar. Bai son yawon wasa gari-gari, bai son hira da 'yan jarida da ɗaukar hotuna, shi dai a bar shi a situdiyo da na'urorinsa. A al'adar kiɗanmu mun san abin da ke biyo bayan irin wannan: ƙungiya sunan mai waƙa take ci, idan ya rasu ko ya yi fushi ya tafi, 'yan amshi sukan watse, wanda ya yi ƙarfin halin ɗaukar waƙar kuma yakan ƙare rayuwarsa ana cewa ai ba kamar maigidansa ba. Jaridun kiɗa na Ingila haka suka ɗauka, musamman da Clarke ya haɗu da Alison Moyet, ita ma 'yar Basildon, suka kafa Yazoo, waƙarsu ta farko Only You ta kai mataki na 2 a 1982. Daga baya, a 1985, ya kafa Erasure da Andy Bell, ya ci gaba da zuba waƙoƙin da suka yi kasuwa. Wanda ya tafi bai yi asara ba, wannan ma na gaya wa ɗan ƙanwata, don kada ya zauna yana jiran ranar da abokinsa zai dawo daga Kano yana nadama.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ukun da suka rage suka juya ga Gore, mai kunya wanda ba ya son magana, wanda ashe yana rubuta waƙoƙi tun yana ɗan makaranta yana ajiyewa. Daga cikin waɗannan tsofaffin ya ɗauko See You, ta fito a farkon 1982 ta kai mataki na 6, sama da duk abin da suka yi da Clarke. Faifansu na biyu, A Broken Frame, wanda bangonsa hoton wata mata ce tana yankan hatsi da lauje a gona, bai tsaya da ƙafarsa sosai ba, rabinsa kwaikwayon Clarke ne rabinsa laluben sabuwar hanya, Gore da kansa ya sha cewa shi ne mafi rauni a cikin ayyukansu. Amma ya riƙe su a raye. Sun kuma ba da cigiya a jaridar Melody Maker suna neman mai sintesaiza wanda bai wuce shekara 21 ba, Alan Wilder ya zo yana da 22 ya rage shekara guda a baki aka ɗauke shi. Shi kaɗai ne a cikinsu ya koyi kiɗa a ƙa'ide, kuma shi ne ya zama mai haƙurin kwana a situdiyo yana gyaran sauti bayan sauran sun tafi.

Daga 1983 suka shiga amfani da na'urar da ke ɗaukar kowane irin amo na duniya ta mayar da shi abin bugawa a kan maɓallan fiyano. Don faifan Construction Time Again sun ɗauki makirfo sun tafi wani kangon layin dogo a unguwar Shoreditch suna dukan bututu da tarkacen ƙarfe suna naɗa. Wannan ne wurin da na fi jin kusanci da su, domin duk wanda ya taɓa zama kusa da maƙera ya san cewa guduma da uwar maƙera suna da nasu kari tun kafin mai dundufa ya iso. Sun koma haɗa sauti a situdiyon Hansa na Balin ta Yamma, dab da katangar da ta raba birnin, kuma a 1984 People Are People ta kai na 4 a Birtaniya, ta zama ta ɗaya a Jamus ta Yamma. Baitocin Gore sun yi nauyi, suna magana a kan kwaɗayin manyan kamfanoni da ƙiyayya da laifi da nadama, muryar Gahan ta yi kauri, ƙungiyar da ta fara da kiɗan rawar yara ta koma sanye da baƙaƙen kaya.

Abin mamaki shi ne a gida ba a daina yi musu kallon yaran nan na 1981 ba, a waje kuwa suka zama wani abu dabam. A watan Maris na 1988 sun yi wasa a Balin ta Gabas, a lokacin da ba kasafai gwamnatin kwaminisanci take barin mawaƙan Yamma su shiga ba. A ranar 18 ga Yuni na shekarar suka cika filin Rose Bowl da ke Pasadena a Amurka da mutane fiye da dubu 60. Faifan Violator na 1990, wanda ke ɗauke da Enjoy the Silence, shi ne ƙololuwarsu a wurin mafi yawan masu sauraro, ni ma ina cikinsu, kuma na 1993 ya zama na ɗaya a Birtaniya da Amurka gaba ɗaya. Duk da haka, har yau babu wata waƙarsu guda da ta taɓa wuce mataki na 4 a ƙasarsu, wato ba su taɓa kamo inda Clarke ya kai da waƙarsa ta farko bayan rabuwa ba.

Akwai waƙoƙinsu na wannan zamani da suke wasa da kalmomin addini ta hanyar da ba ta kwanta min ba, ina tsallake su, kuma ban saka wa yaron su ba. Haka nan ban ɓoye masa abin da ɗaukaka ta yi musu ba. Yawon wasan 1993 zuwa 1994, wanda har Afirka ta Kudu ya kai su, ya kusan hallaka su: Gahan ya nutse a cikin miyagun ƙwayoyi, Gore a cikin giya, Fletcher ya kasa ƙarasa tafiyar saboda ciwon damuwa. A watan Yuni na 1995 Wilder ya fita, yana ƙorafin cewa ba a ganin yawan aikin da yake yi. A watan Mayu na 1996 zuciyar Gahan ta tsaya na kusan minti biyu a Los Angeles bayan ya yi wa kansa allurar da ta wuce kima, ma'aikatan agaji suka ceto shi. Karo na biyu ke nan da ginshiƙi ya zame, aka sake cewa sun gama, sai ga Ultra a 1997 ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya. Tun daga nan suke fitar da faifai duk bayan 'yan shekaru, kuma daga 2005 Gahan ma ya fara kawo nasa rubutun, bayan shekara ashirin da biyar yana rera na wasu.

Wanda na fi yawan tunani a kansa yanzu da na manyanta shi ne Fletcher. Ba ya rubutu, ba ya jan baiti, a kan dandamali ma sau da yawa tafi yake yi a bayan na'urarsa, har shi da kansa yakan yi wa matsayinsa ba'a. Amma shekaru da yawa ba su da manaja, shi ne akawun da ke duba lissafi, shi ne kuma ke shiga tsakani idan Gore da Gahan sun daina yi wa juna magana. Kowace ƙungiyar makaɗa da na sani a ƙasar nan tana da irinsa, mutumin da ba a kiran sunansa a waƙa amma shi ke raba kuɗin kari kowa ya yarda. Ya rasu a ranar 26 ga Mayu, 2022, yana da shekara 60, sakamakon tsagewar babbar jijiyar zuciya. Biyun da suka rage suka fitar da Memento Mori a 2023. Kafin nan, a 2012, Gore da Clarke sun sake haɗuwa sun yi faifan kiɗa zalla bayan shekara talatin da rabuwa, kuma da aka shigar da ƙungiyar zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame a Amurka a 2020, an haɗa da Clarke da Wilder. Har a yawonsu na baya-bayan nan, idan wasa ya zo ƙarshe, sukan buga Just Can't Get Enough, dattawa biyu masu shekara sittin da ɗoriya suna rera abin da wani ya rubuta yana saurayi ya tafi ya bar musu.

Ɗan ƙanwata ya saurari duk wannan yana wasa da wayar caja, sannan ya tambaye ni abu ɗaya, "Kawu, shi wannan Gore ɗin, da ma yana rubutu ko sai da aka tafi ya fara?" Na ce da ma yana yi a ɓoye. Ya yi shiru, mai rerawar da ke zaune a kan benci tun ɗazu ya sunkuyar da kai yana murmushi, daga nan na gane akwai wani littafi a wani wuri.

Fiyanon yana nan bai sayar ba. Makon jiya ya turo min waƙar farko da suka haɗa su biyu, ta wani biki a Rafindadi. Baiti na biyu bai zauna a kan kari ba, an maimaita sunan amarya har sau goma sha ɗaya don cike gurbi, uwar amarya kuma ta biya rabin kuɗi ta ce sauran sai an gyara wurin da aka manta sunan kakarta. A ƙarƙashin muryar akwai wani siririn layi guda da aka buga da yatsa ɗaya, yana tafiya shi kaɗai daga farkon waƙar har ƙarshenta.